Yadda Ake Ba Okid Ruwa da Haske a Cikin Ɗaki Idan a Gansakuka Take

Okid shukar fure ce ta ado. Tawa ta farko kyauta aka ba ni ita, cikin tukunyar tangaran, da fararen furanni jere a kan kara ɗaya. Na ajiye ta a falo a nan Jos. Kullum da safe in na gama ba shuke-shuken tsakar gida ruwa, sai in zuba mata nata kason. Ba a yi wata biyu ba ganyenta ya fara yaushi. Na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara mata ruwa. Ranar da na zaro ta daga tukunya wari ne ya fara tarbata, saiwoyin duk sun ruɓe sun yi laushi kamar taliyar da ta kwana a miya. Abin ya yi mini ciwo, domin wadda ta ba ni ba ƙaramin kuɗi ta kashe ba. Tun daga nan na zauna na koyi halin wannan shuka, kuma abin da zan gaya miki, 'yar'uwa, abu ne da hannuna ya yi ya maimaita shekara da shekaru.

Dangin okid sun kai kusan iri 28,000 a duniya, amma wadda aka fi sayarwa wurin masu furanni a Jos da Abuja ita ce falenofsis, mai faffaɗan ganye mai kauri da fure kamar malam-buɗe-littafi. A kanta zan yi magana. Asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indonesiya, kuma a can ba a ƙasa take tsirowa ba, a jikin reshen bishiya take maƙalewa. Sai dai ba kamar kauci ba ce, ba ta shan komai a jikin bishiyar, wurin zama kawai take nema. Saiwoyinta a fili suke, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar da su. Saiwar da Allah ya halitta haka, in aka tsare ta cikin jiƙa dare da rana, shaƙewa take yi ta mutu.

Gansakukar da ake dasa ta a ciki kuma ba irin koren nan ba ce na bakin rijiya ko na jikin bango da damina. Wata iri ce da ake kira sufagnam, tana fitowa a fadamun ƙasashe masu sanyi, ana busar da ita a kawo daga wurare irin su Niyu Zilan da Cile. Tana iya riƙe ruwan da ya kai kusan ninki 20 na nauyinta. Masu gonakin fure a Taiwan suna danna ta tam a tukunya domin shukar ta jure doguwar tafiya ba tare da an ba ta ruwa ba. To wannan alherin nata shi ne kuma tarkon: sama ta bushe, ciki kuwa sharkaf.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Tukunyar roba garai-garai, wadda ake hango saiwa ta jikinta, mai huji da yawa a gindi. Yawanci okid da ita take zuwa, an sa ta cikin ta ado. In babu, ki samu robar ruwan sha babba ko ta man gyaɗa da aka wanke tas, ki yanke kanta, ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin da gefen, huji goma ko fiye.

Tsinken tsire sabo, wanda bai taɓa nama ko mai ba. Wannan ya fi duk wata na'urar auna danshi da na taɓa gwadawa a gansakuka.

Buta mai siririn baki, wadda ba a sa sabulu a ciki.

Bokiti mai murfi na tara ruwan sama.

Labule shara-shara fari.

Tishu ko auduga, da tsumma mai laushi.

Sabuwar reza ko almakashi, da sifirit na gogewa.

Garin kirfa.

Faranti mai ɗan zurfi da tsakuwa.

Takin fure mai narkewa a ruwa, wanda aka rubuta 20-20-20 a jikinsa. Wannan ba na gaggawa ba ne, sai kin iya ba da ruwa tukuna.

MATAKI NA 1: DUBA TA RANAR DA TA SHIGO GIDA

Ki ɗaga tukunyar roba daga cikin ta ado ki leƙa. Sau da yawa za ki tarar da ruwa kwance a gindin ta adon, domin ba ta da huji. Ki zubar. In an lulluɓe saman da busasshiyar ciyawa ta kwalliya ko duwatsu masu launi, ki kwashe, suna hana ki ganin abin da ke faruwa.

Sai ki dubi saiwoyin ta jikin roba. Lafiyayyar saiwa tana da kauri da ƙarfi, launinta kore in tana jiƙe, fari-fari kamar azurfa in ta bushe. Wadda ke can ciki inda haske ba ya kaiwa takan yi launin ruwan madara, wannan ba ciwo ba ne. Ruɓaɓɓiya ita ce mai launin ƙasa-ƙasa ko baƙi, in kin matsa ta lotse. Ki kuma sunsuna gansakukar. Ruwa ba ya tsami banza, in kika ji tsami ko warin ruɓa, ki wuce mataki na 8 tun yau, ko da fure a kanta. In komai lafiya, kada ki sauya mata tukunya, kuma kada ki ba ta ruwan maraba. Masu sayarwa kan jiƙa ta kafin su fito da ita.

MATAKI NA 2: ZAƁA MATA WURI

Na sa haske gaban ruwa da gangan, domin haske shi ke sa shuka ta sha. Okid ɗin da ke lungu mai duhu ba ta jan ruwa, gansakukarta sai ta yi makonni a jiƙe, daga nan sai ruɓa. Mutane da yawa da ke kukan ruwa ya kashe musu fure, in ka bincika duhu ne ya fara.

Abin da take so shi ne haske mai yawa wanda ba ya ƙuna, kamar na zama ƙarƙashin bishiya mai sakakken ganye. Tagar gabas ta fi kowace, wato wadda ke ɓangaren alƙibla. Hantsin farko, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, yana yi mata daɗi. In ya wuce haka ki sauke labule shara-shara. Tagar yamma ita ce mai haɗari, ranar la'asar tana ƙona ganye cikin awa ɗaya, musamman a Abuja watan Fabrairu da Maris. In ita kaɗai gare ki, ki ja tukunyar baya kamar mita ɗaya, kuma labulen ya zauna a sauke.

Ga wani abu da shawarwarin mutanen Turai ba su lissafa da shi. Jos tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Abuja kuma kusan 9. Saboda haka rana tana sauya mana ɓangare. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ta arewa take karkata, daga Satumba zuwa Maris kuma ta kudu, ta fi kwantawa a Disamba. Tagar kudu da kika sani da inuwa duk damina, da hunturu rana za ta riƙa shigowa ta cikinta da tsakar rana. Wata shekara haka na yi asarar ganye biyu a Nuwamba, ban matsar da tukunya ba, rana ce ta matso. Ki riƙa sake duba wurin duk lokacin da yanayi ya juya.

Yadda ake gwada haske ba tare da na'ura ba: da misalin ƙarfe 11, ki ɗaga hannunki sama da ganyen kamar tsawon rular 'yan makaranta, santimita 30. In inuwar hannun ta fito ɓaro-ɓaro har ana ƙirga yatsu, hasken ya yi yawa. In ta fito dishi-dishi amma ana gane hannu ne, daidai ke nan. In babu inuwa sam, wurin ya yi duhu. Mai son lissafi tana iya sauke manhajar auna haske a waya, ta nemi wajen laks (ma'aunin ƙarfin haske) 10,000 zuwa 15,000 a kan ganyen. Ki kuma taɓa ganyen da tsakar rana. In ya fi hannunki zafi, matsar da ita nan take.

Ganye ma yana faɗin gaskiya, sai dai a hankali. Kore mai haske, kamar na ɗanyen lemun tsami, shi ake so. Kore mai duhu sosai yana da kyau a ido, amma alama ce ta ƙarancin haske, kuma irin wannan shuka takan yi shekaru ba ta yi fure ba. Rawaya-rawaya ko ja a gefen ganye alamar haske ya fara yawa. Ƙunar rana kuwa tabo ne fari da yake komawa baƙi ya bushe, ba ya warkewa, amma in bai jiƙe ba ki bar ganyen, sauran jikinsa yana aiki.

Gidajen da ke da gilashi mai duhu a taga, ko baranda mai zurfi, haskensu yakan gaza ko da ido yana ganin ɗakin da haske. A nan ƙwan lantarki mai farin haske, irin na zamani da ba ya zafi kuma ba ya cin wuta, mai wat 10 zuwa 20, yana taimakawa. Ki rataye shi santimita 30 sama da ganye, ya yi awa 12 a kunne, ki kashe da dare domin tana bukatar duhu. In wutar unguwarku ba ta zama, kada ki dogara da shi, gara ki nemi tagar da ta fi haske a gidan ko da ba a falo take ba.

Kada ki ajiye ta inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa kai tsaye, ko kan firiji, ko kan talabijin.

MATAKI NA 3: KOYI GANE LOKACIN DA TAKE BUKATAR RUWA

Nan ne gaba ɗaya aikin yake. Ki cire maganar "duk Juma'a" ko "sau biyu a mako" daga ranki. Gansakuka ba ta san kalanda ba. Abin da ake so shi ne ta kusa bushewa har tsakiya, amma ba ta kai ga yin ƙamas ba. Hanya huɗu nake bi, kuma ba na yarda da guda ɗaya ita kaɗai.

Ta farko tsinken tsire. Ki soka shi a hankali tsakanin gefen tukunya da gindin shukar, ya karkata zuwa tsakiya har ya kusa taɓa ƙasa. In kin ji ya tokare, kada ki danna, saiwa ce, ki sauya wuri. Ki bar shi a nan ya zauna dindindin. Duk lokacin da za ki duba, ki zare ki ɗora a kumatunki ko bayan hannu. In da sanyi, ko launinsa ya yi duhu, akwai ruwa a ciki, ki mayar da shi ramin da ya fito ki tafi harkarki. In ya fito a bushe, ko da ɗan sanyi kaɗan a can ƙarshensa, lokaci ya yi.

Ta biyu nauyi. Ranar da kika ba ta ruwa, ki ɗaga tukunyar ki ji nauyinta a hannu. Ki riƙa ɗagawa duk bayan kwana biyu. Busasshiyar gansakuka ba ta da nauyi ko kaɗan, tukunyar sai ta zama shafal kamar babu komai a ciki. Bayan wata guda hannunki zai riƙa ganewa kafin ma ki zare tsinke. Mai sikelin kicin tana iya aunawa ta rubuta.

Ta uku launin saiwa, wanda na faɗa a baya: kore a jira, azurfa a shirya. Amma saiwar da za ki duba ita ce ta cikin tukunya, ta ƙasa-ƙasa. Waɗanda suka fito waje suna lilo a iska kullum fari suke, ba su da shaida a wannan shari'a. Kuma kada ki yanke su don sun hana kyau, da su take shaƙar danshin iska.

Ta huɗu gumi. In kin ga ɗigon ruwa ya taru a jikin robar ta ciki, ba ta bukatar komai.

Duk ranar da kika rasa tabbas, ki ƙara mata kwana biyu. Ganyenta mai kauri rumbun ruwa ne, ƙishirwar kwana biyu ba ta yi mata komai. Saiwar da ta ruɓe kuwa ba ta dawowa.

MATAKI NA 4: IRIN RUWAN

Ruwan sama ya fi kowane, kuma mu a Jos daga Afrilu zuwa Oktoba ba mu da uzuri. Ki bar na farkon damina ya wanke rufi, sannan ki tara ki rufe saboda sauro. Ruwan famfo ki tara a bokiti ya kwana a buɗe kafin ki yi amfani da shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse, ki duba cikin butar da kike tafasa shi: in yana barin farin ɓawo a gindi, ko yana da zartsi, zai tara gishiri a gansakuka ya ƙone kan saiwa. Irin wannan ki haɗa shi rabi da rabi da ruwan sama ko ruwan leda. Mutanen Abuja masu na'urar sanyaya ɗaki, ruwan da ke ɗiga daga bututunta ba shi da gishiri, in an tara a mazubi mai tsabta yana yi.

Kada ruwan ya yi sanyi. Da hunturu ruwan da ya kwana a waje a Jos kamar ƙanƙara yake, ki surka shi kaɗan har ya zama ba zafi ba sanyi. Shawarar nan da ke yawo ta ɗora ƙanƙara uku a kan tukunya, ni ban yarda da ita ba ga shukar da asalinta dajin zafi ne. Ruwan wankin shinkafa, ragowar shayi, ruwan ɓawon ayaba da madara, duk ki kai wa shuke-shuken tsakar gida. A gansakuka tsami suke yi su kira ƙananan ƙudaje da tururuwa.

MATAKI NA 5: ZUBA RUWAN

Da safe ake yi, domin duk abin da ya fantsama ya bushe kafin dare. Ki fitar da tukunyar roba daga ta ado ki kai wurin wanke-wanke.

Ki danna saman gansakukar da yatsa. In a danne take tam kamar katifa, irin yadda take zuwa daga kanti, kada ki yi mata ambaliya. Ga tukunya mai faɗin santimita 12, rabin ƙaramin kofin shayi ya isa. Ki zuba da buta a hankali kina zagaya bakin tukunyar, ki jira minti goma ya ratsa, ki ɗaga ki ji nauyi. Danshi ake nema, ba jiƙa sharkaf ba. In kuwa sakwa-sakwa take, irin wadda kika dasa da hannunki, ki zuba har ya riƙa fita ta hujin gindi, ki karkata tukunyar ta tsane minti 15.

Wani lokaci in an yi tafiya an dawo, gansakukar takan bushe ƙamas ta janye daga jikin roba. A wannan hali ba ta karɓar ruwa, za ki ga ya bi gefe ya zube, ki zaci ta sha alhali tsakiyar ko ɗigo bai shiga ba. Sai ki tsayar da tukunyar cikin kwano mai ruwa zuwa kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, minti goma, ta ja da kanta, ki cire ki tsane.

Babban kashedi: kada ruwa ya kwanta a ƙoƙon tsakiya, inda sabon ganye ke fitowa, ko a hammatar ganye. A daji shukar a karkace take rataye, ruwa ba ya zama a nan. A tukunya kuwa mun miƙar da ita tsaye, ƙoƙon ya zama mazubi. In ya kwana da ruwa, musamman daren sanyi, sai ya ruɓe, ganyen tsakiya ya zare a hannu, kuma daga nan da wuya ta tashi. In ya shiga bisa kuskure, ki murɗa tishu ki tsotse shi tas, ki hura da baki.

Kafin ki mayar da ita cikin ta ado, ki tabbata ta daina ɗiga. Ni nakan sa tsakuwa uku ko murfin kwalba a gindin ta adon domin robar ta ɗago.

MATAKI NA 6: BIN YANAYI

A ɗakina, lokacin marka a Yuli da Agusta, tukunya takan yi mako biyu har uku ba ta nemi ruwa ba. Gari a lumshe, iska cike da danshi, babu abin da ke bushewa, ko wanki ma shaida ne. A wannan lokaci ki matso da ita kusa da taga, ki buɗe iska ta riƙa ratsawa, ko ki kunna fanka a hankali daga nesa. Da bazara kuwa wajen mako guda ne. A Abuja, inda zafi ya fi kuma na'urar sanyi ke tsotse danshin ɗaki, takan nema da wuri fiye da haka.

Hunturu shi ne mai ruɗi. Iska ta bushe, leɓe yana tsagewa, saman gansakuka ya yi ƙamas cikin yini ɗaya, zuciya ta ce zuba. Amma Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, daren Disamba da Janairu sanyi kan sauka wajen digiri 11 a ma'aunin Salsiyos, wani lokaci ƙasa da haka. Cikin sanyi shukar ba ta sha sosai, tsakiyar tukunya tana nan a jiƙe. Sanyi da jiƙa in sun haɗu, su ne ajalin saiwa. Tsinke za ki tambaya, ba saman tukunya ba. Da magariba ki janye ta daga jikin gilashi ki rufe taga, domin ƙasa da digiri 15 ba ta jin daɗi.

Maganin bushewar iska ba ƙarin ruwa a tukunya ba ne. Ki zuba tsakuwa a faranti, ki sa ruwa bai kai saman tsakuwar ba, ki ɗora tukunyar a kai yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba. Ki tara shuke-shukenki wuri guda, suna taimakon juna. Fesa ruwa a ganye ba ya daɗewa kuma yana gangarawa ƙoƙo, in za ki fesa, saiwoyin waje kawai, da safe. Ƙurar hunturu kuma tana rufe ganye ta tare haske, ki goge sama da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma duk mako. Ban da man shafawa ko man gyaɗa don ya yi sheƙi, toshe kafofin numfashinsa suke yi.

MATAKI NA 7: TAKI

Kaɗan ƙwarai. Kwatan ƙaramin cokali na 20-20-20 a lita 4 na ruwa, sau ɗaya cikin kowane shayarwa uku, lokacin da kika ga sabon ganye ko koren kan saiwa yana tsawo. Kada ki zuba a busasshiyar gansakuka, ki ɗan jiƙa ta tukuna. Takin buhu na gona, 15-15-15 ko yuriya, da kashin kaji ko na awaki, duk ƙone ta za su yi. Gansakuka tana riƙe gishirin taki kamar yadda take riƙe ruwa, saboda haka wata-wata ki zuba ruwan sama zalla mai yawa ya wanke ta, ki zaɓi ranar da gari ya buɗe, ki tsane ta sosai. In ba ki samu takin ba, ki bar ta haka, za ta rayu.

MATAKI NA 8: IN GANYE YA YI YAUSHI, DA SAUYA GANSAKUKA

Ganye mai yaushi da tamoji yana nufin ruwa ba ya isa gare shi. Dalili biyu ne masu kishiyantar juna: ko ba a ba ta ba, ko an ba ta har saiwar da za ta sha ta mutu. Kada ki ɗauki buta sai kin ga saiwa. In fari ce, a motse amma da ƙarfi, ƙishirwa ce, ki jiƙa ta kamar yadda na faɗa. In ta lotse, sai aiki. Ganyen can ƙasa guda ɗaya da ya yi rawaya ya faɗi kuwa tsufa ne kawai.

Ki matsa jikin robar ki zaro shukar. Ki jiƙa tsohuwar gansakukar ki tsince ta da yatsu har ƙarshe. A can ƙarƙashin gindi sau da yawa za ki tarar da wani dunƙule mai tauri, na tun tana 'yar ƙarama, wanda ba ya bushewa. Shi ma ki cire. Ki goge reza da sifirit ki yanke duk saiwar da ta lotse ko ta zama fanko. In kin yanki ganye ko kara, ki shafa garin kirfa a bakin yankan, amma kada ki barbaɗa a saiwa, busar da ita yake yi. Ki bar shukar a inuwa ta sha iska 'yan awoyi.

Sabuwar gansakuka ki jiƙa ta minti 30, ki matse kamar wanki, ki warware. Ki sa kaɗan a ƙarƙashin gindi tsakanin saiwoyi, ki naɗa saura a kewaye sakwa-sakwa, ki zura a tukunyar da saiwar ta cika ta daidai. Babbar tukunya ba gata ba ce, gansakukar da babu saiwa a cikinta ba ta bushewa. Gindin ganyen ƙasa ya tsaya a sama, kada ki binne. Ki yi kwana biyar zuwa mako ba ki ƙara ruwa ba. Ko lafiya ƙalau take, gansakuka tana tsufa ta yi tsami, ki sauya duk shekara ɗaya zuwa biyu, bayan fure ya kaɗe.

In ba ki samu sufagnam ba, ga abin da na gwada ya yi: ɓawon kwakwa na waje mai zare, a yanka kamar girman dabino, a jiƙa kwana uku ana sauya ruwa domin gishirinsa ya fita, a haɗa da gawayin itace da aka wanke da tsingaron tukunyar ƙasa. Wannan haɗin yana bushewa da sauri, don haka shayarwa za ta dawo duk kwana uku zuwa biyar, kuma a nan ana zuba ruwa sosai ba a jin tsoro. Ƙasar lambu, yashi da dusar katako ba sa yi. Gansakukar da ke fitowa a jikin duwatsun Shere na kusa da Jos da damina ma ba irinta ba ce, da ƙasa da ƙwari take zuwa, kuma nan da nan take ruɓewa.

MATAKI NA 9: SABON FURE

Abin da ke sa falenofsis fitar da kara shi ne isasshen haske da 'yan makonni na sanyi-sanyi. In zafi ya zauna sama da digiri 28, ganye kawai take yi. Nan mutanen Jos suka yi sa'a, garin da kansa yake yin aikin, nawa yawanci tsakanin ƙarshen damina da shigowar hunturu suke fitarwa. A Abuja ki kai ta ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ko kusa da taga da dare a Disamba, na tsawon wata guda.

Karan fure yana fitowa daga hammatar ganye, kansa a ɗan baje kamar dunƙulallen hannun jariri, ita kuwa saiwa kanta mulmulalle ne mai tsini. Daga fitowarsa zuwa buɗewar fure wajen wata uku ne. In ya kai tsawon yatsa biyu ki kafa siririyar sanda ki ɗaure shi a jikinta sako-sako, kuma daga nan kada ki riƙa juya tukunyar, haske yake bi, in ana juyawa sai ya murɗe. Ki nisanta ta da hayaƙin turaren wuta, da kaskon garwashin jin ɗumi, da hayaƙin janareta, da kwandon ayaba ko mangwaro nunannu, duk suna fitar da wata iska da ke kaɗar da fure tun bai buɗe ba. Shayarwa tana nan yadda take, fure bai zama dalilin ƙara ruwa ba.

Furen yakan yi wata biyu zuwa uku. In ya kaɗe kuma karan ya bushe, ki yanke shi daga gindi. In yana nan kore kuma shukar tana da ganye huɗu ko fiye masu ƙarfi, ki ƙirga gaɓa biyu daga ƙasa ki yanke santimita biyu sama da ta biyun, sau da yawa reshe yakan fito daga nan. Wadda kika ceto daga ruɓa kuwa ki yanke mata karan gaba ɗaya, ta mayar da ƙarfinta wajen yin saiwa.